Ɗora injin Lexus V8 a kan Hilux, da rigimar kamshaf da ke ɓata wa mutane aiki

Masu tsohuwar Hilux da injinta ya gaji, ko 22R ne ko 3RZ ko 3L na dizal, wasu yanzu tunaninsu ya fara karkata wajen a sauke shi gaba ɗaya a ɗora injin Lexus LS400, wanda ake kira 1UZ-FE. Aikin ba sabo bane, mutanen Afirka ta Kudu da Ostireliya da Niyuzilan sun daɗe suna yi har akwai garejin da ba su da wata sana'a sai ita. Kuma yana yiwuwa a nan ma, muna da masu walda da tona da 'yan wayarin da hannunsu ya faɗa. Inda ake samun matsala shine wurin saye, mutum ya ɗauko inji a Ladipo, birenbos a Kofar Ruwa, wayoyi a Panteka, tof silinda ɗaya ya fashe a nemo wani a kwashe kamshaf ɗin wancan, wato sandar da ke buɗe bawul, a zuba a wannan, sannan a zo ana mamaki wai mota ta ƙi tashi. 1UZ suna ɗaya ne amma gida uku ne, kuma kamshaf da tof silinda da sensa da birenbos da wayarin duk dole su fito daga gida ɗaya.

Dalilin da yasa ake son sa a fili yake. Silinda 8 ne, lita 4.0, na farkon da ya fito a 1989 yana bada doki 250 da ƙarfin juyi Nm 353, ga 3RZ kuma doki 150 da Nm 240, shi 3L ma wajen doki 90 ne. Kuma bulok ɗinsa alminiyom ne, saboda haka duk girmansa nauyinsa bai yi wa na dizal mai bulok ɗin ƙarfe nisa ba, gaban motar ba zai durƙushe ba. Amma malam in haya kake yi da akori-kurar nan, kana kwasar buhuna daga ƙauye zuwa Dawanau kana lissafin kowace lita, to ka yi tunani sosai, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 silinda 8 ba abokin talaka bane. Wannan aikin na wanda yake son ƙarfi ne kuma ya yarda zai biya a gidan mai.

To yanzu gidajen uku. Na farko shine na 1989 zuwa 1994, matsin sa, wato kwamfireshan, 10.0, yana da distiributa guda biyu da kwayil biyu da wayoyin fulogi, kuma shine wanda in bel ɗin taimin ya tsinke fistin baya dukan bawul, sai dai motar ta mutu a ja ta gida a sa wani bel. Na biyu 1995 zuwa 1997, a ido kusan iri ɗaya ne da na farko, distiributa na nan, amma an ƙara matsi zuwa 10.4, doki 260, kuma shi in bel ya tsinke bawul na lanƙwashewa. Na uku shine mai VVT-i, wato mai canza lokacin buɗe bawul da kansa, da ya shigo ƙarshen 1997, doki 290 a LS400, babu distiributa sam, kowane fulogi da kwayil ɗinsa, totur ɗinsa na lantarki ne, kuma da yawansu suna da imobilaiza, wato in babu makullin da birenbos ɗin ya sani ba zai bada wuta ba ko ka kwana kana kik.

A kasuwa gane na uku ba wuya, ka leƙa gaban injin, in ba ka ga wayoyin fulogi masu kauri suna fitowa daga murafe biyu a gaba ba to VVT-i ne. Tsakanin na farko da na biyu ne ake cin mutane. Ka duba sensar iskar da ke bayan iyakilina, ta na farko babba ce mai jikin alminiyom, ta na biyu ƙarama ce ta roba. Sannan ka ɗauki hoton lambar da ke jikin birenbos, tana farawa da 89661, in 50 ya biyo baya daga LS400 ko Celsior ya fito, in 24 ne daga Soarer ko SC400. In don ni ne, ga motar da za ta shiga daji inda babu mai na'urar sikanin, na farko zan ɗauka duk da ya fi tsufa, don shi ya fi yafiya. Abu ɗaya ne da shi, birenbos ɗin waɗannan shekarun kafasitocinsa na zubar da ruwa su cinye allon, ka sa mai gyaran rediyo ya buɗe ya duba kafin ka biya, in suna da alamar jiƙa a canza su. Sensar iskar tasa kuma kar yaro ya fesa mata kab kilina, madubi ne a ciki, fesawa ɗaya ta tafi.

Abin da yafi shine ka sayi haf kot, rabin motar gaba da aka yanko, inji da giyabos da wayarin har zuwa birenbos, da ignaita guda biyu, da sensar iska, da fiyus bos, in VVT-i ne har da makulli da zoben da ke karanta shi da fedar totur. Zai fi tsada a ranar, amma ka tuna araha bata ado. Kuma ka je da kanka ko ka tura bakaniken da zai yi aikin, kar ka yarda da hoton WhatsApp. A buɗe murfin tof ko guda ɗaya a haska da tocila, kamshaf mai lafiya ƙusoshinsa, wato tudun da ke danna bawul, sumul suke suna ƙyalli, in ka ga baƙin ƙwalta ya daskare ko hancin ƙusar ya yi zane-zane da farce ke maƙalewa a ciki, ka ajiye ka duba na gaba.

Bari mu shiga maganar kamshaf ɗin sosai tunda nan ne kan aikin.

Kamshaf shine sandar da ke danna bawul ya buɗe, ita ke yanke yaushe zai buɗe, ina zai kai, da yaushe zai rufe, kuma tana juyi ɗaya ne duk juyi biyu na karanshaf. A injin ƙaramar mota ana yanka ta yadda ƙarfin zai zo a sama, shi yasa 1UZ na farko sai a juyi 4400 a minti yake bada cikakken ƙarfinsa. A injin motar kaya ana yanka ta yadda bawul zai rufe da wuri ƙarfin ya zo tun daga ƙasa. Daga nan ne wasu ke kawo shawarar wai tunda a kan akori-kura za a ɗora, a nemo kamshaf ɗin 2UZ-FE, injin lita 4.7 na Land Cruiser 100 da LX470 da Tundra, a zuba a ciki don a samu ƙarfin jan kaya. Kar ka biye musu. Ƙarfin ƙasan da 2UZ ke da shi yawancinsa daga girman silinda ne, faɗin fistin ɗinsa mm 94 ne na 1UZ kuma 87.5, kamshaf ba zai ba ka wannan ba. Kuma 2UZ bashi da distiributa, shim ɗinsa ma, wato ɗan faifan da ke daidaita gibin bawul, a ƙarƙashin kofin bawul yake, na 1UZ na farko a samansa yake. Sannan ka tambayi kanka me ka rasa ne ma, injin da ko a ƙananan juyi ya riga ya fi wanda ka sauke ƙarfi, me za ka je nema a cikinsa. In jan kaya ne kaɗai damuwarka to ka sayi 2UZ ɗin gaba ɗayansa, ka san dai bulok ɗinsa ƙarfe ne, ya fi nauyi sosai.

Kamshaf huɗu ne a cikin 1UZ, biyu a kowane tof, bawul 32, kuma babu guda biyu da suke musanya da juna, na shan iska na hagu daban, na dama daban, haka na fitar hayaƙi. Hagu da dama kuma ana lissafa su ne kana zaune a kujerar direba kana kallon gaba, ba kana tsaye a gaban bonet ba, wannan kaɗai ya sha rikita yaran gareji. Bel ɗin taimin na shan iska kawai yake ja, shi kuma na shan iska ya ja na hayaƙi da giya mai haƙora a cikin tof ɗin. A na farko da na biyu, a hancin kamshaf ɗin shan iska ne rotar distiributa take zaune, kuma a bayan fulin akwai sensar da ke gaya wa birenbos wane silinda ne ke kan layi. Fulin ma an rubuta masa L da R, in ka juya su za su ɗauru lafiya lau amma taimin ya tafi.

Na VVT-i labarinsa daban ne kwata-kwata. Kamshaf ɗin shan iskarsa yana da hanyar mai a cikinsa, tof ɗin ma an huda masa hanyar mai da gurbin wani bawul na lantarki da birenbos ke buɗewa ya tura baƙin mai ya murɗa kamshaf ɗin gaba ko baya gwargwadon gudu, ga kuma ƙarin sensa a kowane tof da ke karanta inda kamshaf ɗin ya kai. Saboda haka kamshaf ɗin VVT-i baya aiki a tsohon tof, babu inda mai zai bi ya kai masa, babu inda rota zata zauna. Na tsohon ma baya aiki a tof ɗin VVT-i. Ko siyal ɗin kamshaf za ka canza a VVT-i sai ka ciro kamshaf ɗin waje, a tsohon kuwa daga gaba ake zare shi.

Akwai kuma wanda ba a gani sai an buɗe gaba, faifan haƙoran da ke bayan fulin karanshaf. Tsohon haƙori 12 ne, na VVT-i kuma 36 ne aka cire biyu. Birenbos yana haɗa abin da ya ji daga karanshaf da abin da ya ji daga kamshaf ne kafin ya bada wuta da mai, kamar mai rawa ne da makaɗi, in kiɗan da ya saba ji ya canza sai ya tsaya cak. Shi yasa za ka ga inji yana juyawa da ƙarfi, kwamfireshan lafiya, mai na zuwa, amma fulogi babu wuta, a yi ta canza kwayil ana zagin mai kaya alhali birenbos ɗin VVT-i aka haɗa da tsohon inji. Ko birenbos na kasuwa za ka sa, irin su Spitronics na Afirka ta Kudu ko Link ko Haltech, tambayar farko da za a yi maka ita ce haƙori nawa ne a karanshaf ɗinka.

Ba Toyota kaɗai ke da wannan tarkon ba. A Amurka masu ɗora injin Mustang 5.0 HO a kan akori-kurar Ford sun san shi, tsohon 302 na yau da kullum jerin wutarsa 1-5-4-2-6-3-7-8 ne, na HO kuma 1-3-7-2-6-5-4-8, bulok iri ɗaya, kamshaf ne kawai ya canza jerin. Wanda ya jera wayoyin fulogi yadda tsohon injinsa yake sai ya ji salansa na harbi. Na 1UZ dai duk gidajen uku 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, silinda na 1 yana gaba a hagu, hagu 1-3-5-7, dama 2-4-6-8.

To idan ya zama dole sai an canza kamshaf fa, misali ɗaya ya cinye ko ya karye a hanya wajen lodi? Ka nemo na gida ɗaya, ɓangare ɗaya, kuma duk da haka kar ka yarda da baki. A wanke tsohon da sabon a kwantar da su gefe da gefe a kan benci, a juya ƙusoshin farko su kalli sama tare, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya a ga ko duk suna kallon wuri ɗaya. A duba ɗan fin ɗin da ke hanci inda fuli ke shiga, shin a kusurwa ɗaya yake. A ƙirga haƙoran giyar. Sannan a sa maikuromita, ko a kai wa tona in babu, a auna kaurin wuyan da ke kwanciya a tof, a auna ƙusar ta gefen da ba tudu, a auna ta da tudun. In gefen da ba tudu ya bambanta to duk gibin bawul ɗinka ya canza kenan. Wai ya shiga gurbinsa ya juya da hannu, wannan ba hujja bace, kamshaf da yawa na shiga inda ba nasu ba.

Wurin cirewa akwai wata 'yar dabara da littafin Toyota ya faɗa amma ba kowa ke yi ba. Giyar kamshaf ɗin hayaƙi ba guda ɗaya bace, faifai biyu ne a manne da sifirin a tsakaninsu yana tura su saɓanin juna don kar haƙora su yi ƙara. Kafin ka kwance komai sai ka juya har wani ɗan rami a jikin giyar ya zo sama, ka ɗaura ƙaramin noti mai kaurin mm 6, tsawon mm 16 zuwa 20, irin wanda sifana lamba 10 ke kamawa, ya riƙe faifan biyu. In ba ka sa ba, kana ɗaga kamshaf za ka ji ƙas, sifirin ya saki, kuma in aka mayar a haka injin zai tashi amma da wata ƙara kaf-kaf-kaf a tof kamar tafet, a yi ta canza baƙin mai a banza. Wurin mayarwa a haɗa ɗigon da ke bayan giyar biyu su kalli juna, a ɗaure, sannan dan Allah a tuna a cire notin nan kafin a rufe murfi.

Murafen da ke danne kamshaf kuma tare da tof ɗinsu aka huda su a kamfani, kowanne da lambarsa da kibiya mai nuna gaba, ba a ɗauko na wani tof a sa, ba a juya su. A kwance su kaɗan-kaɗan bi da bi, kar a saki gefe ɗaya gaba ɗaya, don sifirin ɗin bawul na iya banƙare kamshaf ya fasa shi ko ya fasa gefen tof. Ɗaurinsu Nm 16 ne kacal, ba wurin nuna ƙarfi bane, zaren alminiyom ne. Bayan nan a sa filageji inji na sanyi, na shan iska mm 0.15 zuwa 0.25, na hayaƙi 0.25 zuwa 0.35, duk wanda ya fita a canza masa shim. Kar a goge shim a dutse don ya yi daidai, fatarsa ta sama ce mai tauri, in ka cinye ta kamshaf ɗin zai bi baya. Wani abu kuma, wancan yafiyar ta injin farko da nace fistin baya dukan bawul, da kamshaf ɗinsa na asali ne da tof ɗin da ba a taɓa ba, in an yi wa tof sikimin da yawa ko an sa kamshaf mai dogon tudu to ka daina dogaro da ita.

Bel ɗin taimin kam sabo za a sa, ba a tambayar mai kaya ko yana da sauran rai. Da shi da famfon ruwa da tenshona da fulin biyu da siyal. Bel na asali yana zuwa da layuka an rubuta L-CAM da R-CAM da CR, kowane layi ya hau kan alamar fulinsa. A na biyu da na uku littafin ya ce a kawo alama kan sifili sannan a wuce da wajen digiri 50 kafin a zare bel, don fistin su sauka su ba bawul wuri ko da kamshaf ya zabura. In an gama a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, alamomin fuli su dawo daidai, in ka ji ya cije ka tsaya kar ka danna. Notin fulin kamshaf Nm 108, na karanshaf 245.

Tun injin yana ƙasa a gama da kik, don a 1UZ kik ɗin yana cikin kwarin tsakiyar injin ne ƙarƙashin manifol, in ya mutu bayan an ɗora sai an kwashe saman injin duka. A nan ƙasan ne kuma nok sensa guda biyu, masu jin ƙarar bugun inji, suke da wayarsu da zafi ke busarwa, a canza wayar in ta yi ƙamas. Kar a ce a cire su, injin an yi shi ne don mai mai kyau, kuma mun san abin da wani lokacin ake zuba mana a hanya, su ne ke sa birenbos ya ja wuta baya kafin fistin ya ci wuya. Siyal ɗin bayan karanshaf ma yanzu ne lokacinsa.

Sai botom filet. 1UZ yana zuwa da iri uku, mai tulu a gaba na LS400 da Celsior, mai tulu a baya na Soarer da SC400, da na tsakiya na Crown. Hilux mai jan ƙafa huɗu da doguwar aksul a gaba, irin LN106, yawanci mai tulu a baya ake nema mata don kar aksul ta daki tulun in mota ta faɗa rami. Sauran kuma a rataya injin da cen bulok a sauke shi a hankali a gani da ido, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. In za a canza botom filet to da bututun tsotson mai da difstik ɗinsa ake canzawa, saiti ne.

Wurin yin injin siti ga wani abu da masu kallon bidiyon 'yan Afirka ta Kudu da Ostireliya ke mantawa, su sitiyarinsu a dama yake namu a hagu. Kayan da aka ƙera musu, musamman manifol ɗin salansa da mazaunin oyil filta, yana iya zuwa ya ci karo da sandar sitiyarinka. Gara mai waldarka ya yanka nasa a kan motar, da farantin ƙarfe mai kauri, a bar tazarar yatsa biyu ko fi tsakanin inji da bodi ta ko'ina, kuma giyabos da furofela su zauna a layi ɗaya in ba haka ba mota zata riƙa rawa a gudu tana cin kuros.

Giyabos: 1UZ bai taɓa fitowa daga kamfani da giyar hannu ba, duk otomatik ne, mai giya 4 a tsofaffin, mai 5 a VVT-i. Hanya mafi sauƙi a Hilux mai jan baya kawai ita ce a ɗora shi da giyabos ɗinsa a gyara tsawon furofela. Mai ƙafa huɗu kuma ana samo A340F na Surf ko 4Runner a ɗaura masa ƙoƙon gaba da kwanbata na 1UZ tunda dangi ɗaya ne. In giyar hannu kake so sai an nemo adafta da fulawil da kuloci da aka yi don wannan aikin, kuma giyabos ɗin ya zama R150 ko R151, ƙananan nan G52 da G54 na bayan 22R da 3L ba za su daɗe ba in ƙafarka na da nauyi. Fulawil dai kar a ƙera shi da walda a bakin titi, abu ne da ke juyi 6000 a minti kusa da ƙafarka.

Mai kuma, injekta na son matsi wajen bar 3, famfon kafireto ba zai iya ba, sai an sa na lantarki mai ƙarfi da tiyo mai jure matsi da filta sabuwa. Tsofaffin biyu suna da layin da ke mayar da ragowar mai tanki, VVT-i bashi da shi, ragiletarsa a tanki take a motar asali, saboda haka sai an sa masa ragileta a layi. In motar dizal ce a sauke tankin a wanke shi tas. Famfon ya bi ta rile yadda in inji ya mutu shima zai tsaya, kar a haɗa shi kai tsaye da makulli, ranar hatsari ne ake gane amfanin wannan. Birenbos a cikin mota za a ajiye shi, sama, inda ruwa baya kaiwa. Wani ɗan daɗi a tsohon injin, tunda kowane kwayil silinda 4 yake ba wuta, in ka ɗauki sigina daga guda ɗaya agogon juyin Hilux mai fetur zai karanta daidai ba sai an taɓa shi ba.

Lagireto a sa babba, mai layi uku ko na alminiyom, don wurin da ya rage a gaba kaɗan ne kuma zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana haura digiri 40. In fankar inji bata samu wuri ba a sa ta lantarki mai ƙarfi da rumfarta. Kuma wannan al'adar tamu ta cire tamostat da zarar inji ya iso, a bar ta a nan, nasa a digiri 82 yake buɗewa, in babu shi birenbos zai ɗauka inji bai yi zafi ba ya yi ta zuba mai, kai kuma ka ce V8 ne ke sha. Altanetarsa a ƙasa take, in kana ratsa rafi da damina ka sa mata kariya, kuma ka tabbata famfon fawa sitiyari baya ɗiga a kanta don a LS400 shine ke kashe ta.

Ranar tashi, a cire fiyus ɗin famfon mai a yi kik har fitilar oyil ta mutu, sannan a mayar a tayar. In ya tashi yana rawa kamar silinda 4 ne ke aiki, salansa na yin ja, to kwayil ɗaya ko rota ɗaya ce bata aiki. Ka lura kowace distiributa ba ɓangarenta kaɗai take ba wuta ba, ɗaya tana ba 1 da 4 da 6 da 7, ɗayar 2 da 3 da 5 da 8, wayoyin suna tsallakawa, a bi lambobin da ke jikin murfin. In ya ƙi tashi sam, a tsohon sai a haɗa TE1 da E1 a soket ɗin gwaji da 'yar waya a ƙirga ƙiftawar fitilar cek, 12 ko 13 na nufin birenbos baya jin karanshaf ko kamshaf. A VVT-i da na'ura, P0340 sensar kamshaf ce, P1346 ko P1351 kuma yawanci bel ne ya tsallake haƙori, a kashe a sake duba alama kafin a ƙara ko kik ɗaya.

Kafin ka hau babban titi a gyara birki gaba da baya, ƙarfin ya ninka amma birkin na da ne, kuma bayan akori-kura in babu kaya bashi da nauyi, ka taka totur a kwana da ruwan sama sai ta juya da kai. In aksul ɗinka na dizal ne mai rashiyon giya 4.88 za ka ji inji na ihu a kilomita 100, a nemo 4.3 ko 4.1, mai ma zai ragu. Sannan ka riƙe rasit ɗin injin mai ɗauke da lambarsa da sunan shagon, ka je ofishin lasisi a sauya lambar inji a takardun motar, don in VIO ko 'yan sanda suka buɗe bonet a hanya suka ga silinda 8 takarda kuma na cewa 3L, bayanin zai yi tsawo.